Uwargida, kafin ki yaba hoton ɗanki a kan tsaunin Turai



A yau da yawa daga cikinmu muna da wani namu a Turai. Wata ɗanta ne ya tafi karatu Italiya ko Jamus, wata ƙaninta ne yake aiki a Faransa, wata kuma nata ya bi ta Agadas da Libiya, sai bayan watanni ta ji muryarsa. Ko ta wace hanya ya je, wata rana wayarki za ta yi ƙara, ki buɗe WhatsApp ki ga hotonsa tsaye a kan wani tsauni, bayansa fari fat da dusar ƙanƙara, ƙarƙashinsa wata hanya tana murɗewa kamar igiyar guga da aka yar a ƙasa. Za ki ce masha Allah, ki tura wa 'yan'uwa. To amma me kika sani game da wurin da yake tsaye? Shi ne abin da za mu tattauna a wannan makon, domin uwa da ta san wuri ta fi iya yin tambayar da ta dace.

Mene ne mashigin tsauni?

Tsaunukan Alps jerin duwatsu ne da suka miƙe kimanin kilomita 1,200 a tsakiyar Turai, sun ratsa ƙasashe 8: Faransa, Italiya, Suwizalan, Ostiriya, Jamus, Slobeniya, Liechtenstein da Monako. Mafi tsawonsu, Mont Blanc, ya ɗan haura mita 4,800. Tun da ba za a iya haurawa ta ƙololuwa ba, mutane suka nemi wuraren da dutse ya ɗan rusuna tsakanin tsauni biyu, suka yi hanya ta nan. Wannan wurin shi ake kira mashigi.

Kada kalmar "rusuna" ta yaudare ki. Kano tana ƙasa da mita 500 daga doron teku. Jos da muke kuka da sanyinta tana wajen mita 1,200. Tsaunin da ya fi kowane tsawo a Najeriya, Chappal Waddi a jihar Taraba, mita 2,419 ne. Mashigin Stelvio a arewacin Italiya, wanda motoci da kekuna suke hawa, mita 2,757 ne. Wato wanda ya tuƙa mota ya kai can, ya wuce ƙololuwar Najeriya da fiye da mita 300 yana zaune a kujera.

Tsawon nan yana da sakamako biyu da ya kamata ki riƙe. Na farko, duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Wanda ya tashi daga ƙauyen Prato da ke gindin Stelvio cikin riga shara-shara da zafi digiri 25, zai isa sama ya tarar da wajen 13, kafin a lissafa iska. Idan hadari ya taso, dusar ƙanƙara tana iya sauka ko a watan Yuli. Na biyu, iskar da ake shaƙa tana raguwa. A wannan tsayin, abin da numfashi ɗaya yake kai wa huhu bai kai kashi uku cikin huɗu na abin da yake samu a bakin teku ba. Za mu dawo kan wannan, domin ya shafe mu fiye da yadda ya shafi Turawa.

A mota

Yawancin yaranmu da mota za su fara zuwa, su da abokai a ƙarshen mako. Hanyar Stelvio daular Ostiriya ce ta gina ta tsakanin 1820 da 1825, kuma ta ɓangaren arewa tana da kwana 48, kowace an rubuta mata lamba. Kwanar nan ba irin ta shataletale ba ce. Mota tana juyawa ne gaba ɗaya ta fuskanci inda ta fito, gefe ɗaya bangon dutse, ɗaya gefen rami. Duk wadda ta taɓa hawa Mambila zuwa Gembu ta ɗanɗani ƙanin abin.

Hawa ba shi ne ya fi haɗari ba, saukowa ce. Direban da ya saba da shimfiɗaɗɗen titi kamar na Kano zuwa Zariya, da ya ga gangara ƙafarsa birki take nema. Idan ya danne birki na tsawon kilomita 20, birkin yana ɗaukar zafi har ya daina kamawa. Abin da mutanen wurin suke yi shi ne su sa mota a ƙaramar giya, ta biyu ko ma ta ɗaya, injin ya riƙe ta, birki kuma a taɓa a saki. Ko mota mai canza giya da kanta tana da inda ake kulle ta a ƙaramar giya. Ki tambayi ɗanki ko ya san wurin a motarsa. A Suwizalan kuma, idan motoci biyu suka haɗu a matsattsen wuri, mai hawa shi ke da hanya, mai saukowa ya ba shi wuri. Bas-bas ɗin gidan waya masu launin rawaya suna da wani oda mai sauti uku da suke busawa kafin kwana, wanda ya ji shi ya san babbar mota tana tafe.

Manyan mashigai ba a buɗe suke duk shekara ba. Stelvio yakan rufe daga wajen Nuwamba har zuwa ƙarshen Mayu. Hanyar Grossglockner ta Ostiriya, mai tsawon kilomita 48 da aka buɗe a 1935, biyan kuɗi ake yi kafin a shiga, ita ma daga Mayu zuwa wajen ƙarshen Oktoba take aiki. Wanda tafiya ce kawai ta kama shi, ba yawon buɗe ido ba, bai da buƙatar hawa. Mashigin Brenner tsakanin Ostiriya da Italiya mita 1,370 ne kawai, babbar hanya ce, a buɗe take rani da damina. Akwai kuma hanyoyin da aka huda ta cikin dutse: ta Mont Blanc mai kilomita 11.6 tun 1965, ta Gotthard mai kusan kilomita 17 tun 1980, da ta jirgin ƙasa a ƙarƙashin Gotthard mai kilomita 57 da aka buɗe a 2016, wadda babu kamarta a tsawo a duniya. Idan ɗanki ya ce zai je Milan daga Zurich a watan Janairu, ki ce masa ya hau jirgin ƙasa, hankalinki kwance.

A keke

Abin da zai ba ki mamaki shi ne akwai masu hawa wuraren nan da keke, da son ransu, har su biya kuɗin jirgi don su zo su sha wahalar. Daga Prato zuwa saman Stelvio kimanin kilomita 24 ne, babu sauka ko ɗaya, ana hawa sama da mita 1,800. Mai ƙarfi yakan yi awa biyu, wanda bai saba ba ya yi uku ko huɗu. Duk shekara, wajen ƙarshen Agusta, ana rufe hanyar ga motoci a bar wa masu keke, dubban mutane su hau, har da dattawa masu furfura.

Gasar tseren keke ta Faransa, Tour de France, ita ta ɗaukaka sunan wasu mashigan. A 1911 ta fara ratsa Galibier mai mita 2,642, lokacin hanyar ba ta da kwalta, kekunan kuma masu nauyi ne. Mashigin Iseran a Faransa, mai sama da mita 2,760, shi ne mafi tsawo a cikin mashigan Alps masu kwalta.

Saurayi da ya ga abokan karatunsa suna wannan, zai so ya gwada, kuma ba laifi ba ne. Motsa jiki ne mai kyau, ya fi zaman ɗaki da waya. Sai dai ga inda matsalar take. Yana hawa yana gumi, rigarsa ta jiƙe. Ya kai sama inda ake sanyi, sannan ya juyo gangara da gudun kilomita 50 ko 60 a awa, iska tana dukan jiƙaƙƙiyar riga. Cikin minti goma yatsunsa suna iya sandarewa har ya kasa matse birki. Shi ya sa duk wanda ya san abin yake ɗaukar rigar da ke tare iska da safar hannu a aljihu, ko da rana ta ƙwalle a ƙasa. Hular kwano kuwa ba abin tattaunawa ba ce. Haka fitila gaba da baya, domin wasu hanyoyin suna shiga cikin dutse inda ake duhu. Kuma ya fara da ƙaramin tsauni. Da rarrafe yaro kan tashi.

A ƙafa

Ƙafa ita ce ta fara buɗe hanyoyin nan. A 1991 wasu masu yawo suka tsinci gawar wani mutum a cikin ƙanƙara a kan iyakar Italiya da Ostiriya, a tsayin wajen mita 3,200, bincike ya nuna ya fi shekara 5,000 da mutuwa. A shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Hannibal, sarkin yaƙin Kartaj da ke ƙasar Tunisiya ta yau, ya ƙetare Alps da rundunarsa har da giwaye don ya yaƙi Rum, ya kuma yi asarar dubban mutane a hanya. Har gobe masana tarihi suna gardamar ta wane mashigi ya bi. A watan Mayun 1800 Napoleon ya ratsa mashigin Saint Bernard Babba, mai mita 2,469, da sojoji kimanin 40,000. A zane an nuna shi a kan ingarman doki, amma a zahiri alfadari ya hau, domin alfadari ya fi doki sanin inda zai sa ƙafa.

A wannan mashigin na Saint Bernard akwai wani masauki da aka kafa wajen shekara ta 1050 domin matafiyan da sanyi ya kama, kuma har yau yana karɓar baƙi. Daga nan aka samo manyan karnukan nan da suke shinshino mutum a ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Ki lura da abin da wannan yake nufi: kusan shekara dubu ke nan mutanen wurin da kansu sun yarda cewa dutsen nan yana kisa, har suka gina gida a kansa don ceto.

A yau ana yawon ƙafa don nishaɗi. Shahararriyar hanyar da ta kewaye Mont Blanc kimanin kilomita 170 ce, ta ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan, ana yin ta cikin kwana 10 ko 11, ana kwana a ƙananan masaukai da sai an kama wuri tun da wuri. A Suwizalan alamomin hanya suna da launi: rawaya zalla hanya ce mai sauƙi, fari da ja ta tsauni ce mai buƙatar takalmi na musamman, fari da shuɗi kuwa ta ƙwararru ce. Ka'idar masu yawon ita ce a fita da asuba, a sauko kafin la'asar, domin a lokacin zafinsu hadari da tsawa da rana tsaka suke tasowa. Idan 'yarki ta ce za su je da ƙungiyar makaranta tare da jagora, a hanya mai alamar rawaya ko fari da ja, a watan Yuli, ki yi mata fatan alheri.

Waɗanda ba yawo ya kai su ba

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauko wannan batu. Akwai wasu masu ƙetare Alps a ƙafa waɗanda ba a ɗaukar hotonsu, kuma da yawansu 'ya'yan Afirka ta Yamma ne.

Tun Nuwamban 2015 Faransa ta dawo da binciken takardu a kan iyakarta da Italiya. Waɗanda suka tsallake teku daga Libiya, ba su da takarda, suka riƙa gwada wucewa ta bakin teku a Ventimiglia ana dawo da su. Daga wajen 2017 da yawa suka koma arewa, cikin tsaunuka, suna bi ta mashigin Échelle mai mita 1,762 ko na Montgenèvre mai wajen mita 1,850, suna nufin garin Briançon. A taswirar waya tafiyar ba ta da nisa, 'yan kilomitoci ne. Amma da dare ake yin ta, ana barin titi ana kutsawa daji don gudun 'yan sanda, cikin dusar ƙanƙara da take kai gwiwa ko ƙugu, da takalmin kanbas da wandon jins. An samu waɗanda sanyi ya kashe. An samu waɗanda aka yanke wa yatsu ko ƙafa. A watan Mayun 2018 an tsamo gawar wata budurwa 'yar Najeriya daga kogin Durance kusa da Briançon, kwanaki bayan ta ƙetaro. Mutanen garin da kansu suna fita da dare da shayi da barguna suna neman waɗanda suka ɓace.

Yaron da ya ƙetare Sahara, ya tsira daga teku, gani yake babu abin da ya rage da zai ba shi tsoro. Ga shi kuma bai taɓa sanin sanyin da ya wuce na hunturu ba. Sanyin hunturu yana fasa leɓe da kaushi. Wancan yana tsayar da zuciya. Kuma sau da yawa yaran nan ba sa faɗa wa uwa gaskiyar abin da za su yi, sai su ce "Umma, gobe zan shiga Faransa, a yi min addu'a." Idan kika ji haka, ki yi addu'ar, sannan ki tambaya: ta wace hanya? A jirgin ƙasa da takarda, ko ta dutse? Idan ta dutse ne, ki faɗa masa ƙarara ba ki yarda ba, ya nemi lauya ko masu taimaka wa baƙi a inda yake su duba matsayin takardunsa. Ki kuma duba kanki, 'yar'uwa. Wani lokacin matsin da muke yi na "yaushe za ka fara aiko da kuɗi" shi ke tura yaro cikin daji da tsakar dare. Jinkirin wata shida bai kai rasa ƙafa ba.

Maganar sikila

Na ce za mu dawo kan iska. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar sikila, kuma ƙarancin iska, da sanyi, da ƙishirwa, da wahalar jiki, duk suna tayar da ciwon. A saman tsauni huɗun nan haɗuwa suke yi a wuri ɗaya. Mai SS kada ya hau irin wannan tsayin sai ya yi magana da likitansa. Mai AS, wanda a gida lafiyarsa ƙalau, shi ma likitoci sun tabbatar cewa a tsayi mai yawa, musamman da aikin ƙarfi, saifarsa tana iya samun matsala, ko da yake ba kasafai ba. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Wanda ya ji haka ya sauko, ya je asibiti, ya kuma faɗa wa likitan rukunin jininsa, domin likitan ƙauyen Turai ba lallai tunaninsa ya kai nan da wuri ba. Shin ɗanki ma ya san ko AA ne shi ko AS? Idan ke kika riƙe takardar gwajin, ki ɗauki hotonta ki tura masa yau.

Abin da za ki ajiye a wayarki

Lambar neman agaji a ƙasashen nan ita ce 112. Kyauta ce, kuma masu ceto ransa za su fara dubawa. Ki sa ya haddace ta.

Sanyi yana cinye cajin waya da sauri. Ya ajiye ta a aljihun ciki kusa da jiki, ya kuma faɗa wa wani inda za shi da lokacin da zai dawo.

Ya duba hasashen yanayi a safiyar tafiya. Idan hazo ya rufe ko aka fara tsawa, ya juya. Tsaunin yana nan, ba inda za shi.

Alamomin sanyi ya shiga jiki su ne karkarwa, harɗewar harshe, ruɗewa, da jin barci. Wanda barci ya fara ɗauka a cikin dusar ƙanƙara kada a bar shi ya kwanta. A cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a kira agaji. Yatsun da suka yi fari suka mutu ba a murza su, ba a kara su a wuta, ruwa mai ɗumi daidai jiki ake sa su.

A Suwizalan da Ostiriya kuɗin jirgin ceto mai saukar ungulu yana iya komawa kan wanda aka ceta, kuma ba kaɗan ba ne. Mai zuwa yawon tsauni ya tabbatar inshorarsa ta haɗa da wannan.

Ba na so ki karanta wannan ki hana yaro fita. Miliyoyin mutane suna hawa wuraren nan duk shekara su dawo lafiya, da yara da tsofaffi, kuma wanda ya samu damar ganin irin wannan halitta ya ga abin da zai daɗe yana ba da labari. Idan hoton ya zo, ki yaba. Sannan ki tambaye shi wane wata ne za su koma, da wa za shi, da me zai sa a jikinsa, da kuma ko ya san lambar nan ta 112. Zai yi dariya ya ce "Umma, ina kika san duk wannan?" Ki bar shi ya yi dariyar.

Allah Ya tsare mana su a duk inda suke. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.